Suga ya hau a jini, amma likita ya ce na ruwan baya ya yi ƙasa: yaya abin yake?

Baban_Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana lafiya da ke wannan zaure ku warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Mahaifinmu ya daɗe yana fama da ciwon suga. Shekaranjiya da daddare zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, ga ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, har ya daina gane masu yi masa magana. Muka garzaya da shi asibiti, aka ɗebi ruwan bayansa, wato ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, wanda ake zuƙowa da allura ta gadon baya. Da takardar lab ta fito sai na ga sugan ruwan bayan 3.6 ne, a gefe kuma an rubuta cewa daga 2.5 zuwa 4.4 shi ne daidai. Har na yi hamdala. Likita na dubawa ya ce ai wannan ya yi ƙasa ƙwarai, sanƙarau suke zargi. Alhali lokacin da muka shigo an gwada sugan jininsa ya kai 18. Mutumin da suga ya yi wa yawa haka, ta ina kuma zai yi ƙasa? Ko allurar insulin da ake yi masa ce ta zuƙe na bayan?

Maman_Amira: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne.

Sadiq_Hotoro: Allah Ya tashi kafaɗunsa. Amma ni a ganina in takarda ta ce daidai ne, to daidai ne. Na'ura ce fa ta auna. Ku nemi wani likitan ya ƙara dubawa.

Ɗan_Lab_Kurna: Malam Sadiq, mu ne muke fitar da irin wannan takarda, kuma ina tabbatar maka likitan nan yana kan daidai. Waɗannan lambobin na gefe, 2.5 zuwa 4.4, an tsara su ne a kan mutumin da sugan jininsa yake lafiya lau. Sugan ruwan baya ba shi da wani tushe sai jini, daga can yake tsallakowa, kuma a mai lafiya yakan kai kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da ke jini. Shi ya sa ba a karanta shi shi kaɗai. Sai a ɗauki na ruwan baya a raba da na jini. Baban Walida, ɗauko wayarka ka raba 3.6 da 18, za ka ga 0.2. Mai lafiya 0.6 ake sa ran gani. Da zarar ya sauka ƙasa da 0.4 an fara zargin sanƙarau na bakteriya, balle 0.2. Da a ce sugan jinin Baba 6 ne, to 3.6 daidai yake. Amma a kan 18, ya kamata a ga wani abu kusa da 10.

Baban_Walida: Ikon Allah. Na raba, 0.2 ɗin ne kuwa. To me ya sa ba a rubuta wannan lissafin a jikin takardar ba?

Ɗan_Lab_Kurna: Sau da yawa kwalbar ruwan bayan ce kaɗai take iso mana, ba jini tare da ita. Na jinin an gwada shi da ƙaramar na'ura a bakin gado, an rubuta a fayil. Likitan da fayil ke hannunsa shi ne yake da lambobin biyu.

Likitan_Yara: Na ji daɗin bayanin Ɗan Lab. Sai dai in ƙara wani abu a kan "kusa da 10" ɗin da ya ce. Kashi 60 ɗin nan ba ya ɗorewa idan sugan jini ya hau sosai. Suga ba ratsawa yake yi haka kawai daga jini zuwa ƙwaƙwalwa ba, akwai shinge a tsakani, kuma akwai wani furotin mai suna GLUT1 da yake ɗaukarsa yana tsallakar da shi. Wannan furotin yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Kamar ƙofar gari ce a lokacin tashin kasuwa, komai yawan motocin da suka taru a waje, iya faɗinta za a shige. Saboda haka a mai ciwon suga da jininsa ya kai 18 ko 20, ko babu wata cuta a kansa, lissafin zai iya sauka zuwa 0.4. Shi ya sa wasu littattafan suke cewa a irin waɗannan marasa lafiya sai ya sauka kusan 0.3 kafin a kira shi matsala. To ko an yi wa Baba wannan rangwamen, ya kamata a ga 7 da wani abu. 3.6 ya yi nisa da nan.

Maganar insulin kuwa, GLUT1 ba ya jiran insulin. Tsoka da kitse su ne suke buƙatar insulin kafin su karɓi suga da yawa. Ƙwaƙwalwa da insulin da babu, tana karɓar nata. Saboda haka allurar ba ta shiga ruwan baya ta zuƙe komai ba.

Hajiya_Ɗorayi: Ni fa ba lissafin ne ya dame ni ba. Ɗana, me ya sa kuka bari aka ɗebi ruwan bayan tsoho? Mu tun muna yara muke ji, duk wanda aka ɗebar wa ruwan baya da wuya ya tashi, in ya tashi ma ƙafa ta tafi. A unguwarmu akwai yaron da aka yi wa, washegari aka dawo da gawarsa.

Sista_Rabi: Hajiya, Allah Ya jiƙan yaron. Amma don Allah a duba, wane ne ake ɗebar wa ruwan baya? Wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, mafi yawa an yi kwanaki a gida ana jiƙe-jiƙe da maganin kemis kafin a kawo shi. Sanƙarau na bakteriya yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Idan ya rasu sai a ɗora wa allura, a manta da cutar da ta kawo shi. Ita lakar da ake tsoron a taɓa, a babban mutum tana ƙarewa ne a saman ƙugu, wajen ƙashi na ɗaya zuwa na biyu na gadon bayan ƙasa. Allurar kuwa ana saka ta ne can ƙasa, tsakanin na uku da na huɗu ko na huɗu da na biyar. A daidai wurin nan ake yi wa mata allurar kashe ƙafa idan za a yi musu tiyatar haihuwa, kullum ana yi a garin nan, suna tashi da ƙafarsu.

Maman_Amira: Gaskiya ne Sista, ni an yi mini a haihuwar Amira. Sai dai na sha ciwon kai bayan nan, in na tashi zaune kamar kaina zai tsage, in na kwanta ya lafa.

Sista_Rabi: Wannan kam yana faruwa, ba za mu ɓoye ba. Ruwan ne yake ɗan ɗiga ta hudar allurar, yawanci cikin 'yan kwanaki yake wucewa.

Likitan_Yara: Hajiya, ranki ya daɗe, tsoronki ba a banza yake gaba ɗaya ba. Akwai wanda ba a yi wa: wanda ake zargin kansa ya kumbura ta ciki, ko mai matsalar daskarewar jini, ko mai ƙurji a daidai wurin. Shi ya sa likita yake duba ido da yanayin mutum tukuna, wani lokacin ma sai an yi hoton kai. Kuma ko an ɗage ɗibar ruwan, ba a ɗage allurar antibayotik. Batun ƙarewar ruwan kuwa, babban mutum yana da kusan mililita 150 a jikinsa, kuma ƙwaƙwalwa tana samar da kusan mililita 500 a kullum, ana sabunta shi sau uku zuwa huɗu. Abin da ake ɗiba don gwaji bai fi cokali biyu zuwa uku na shayi ba, kafin awa ɗaya jiki ya mayar. Tun 1891 wani likita a Jamus, Heinrich Quincke, ya fara wannan aiki.

Hajiya_Ɗorayi: To Likita, na ji. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da abin ba, amma Allah Ya sa a dace.

Malam_Gwale: Duk wanda ya ga 1996 a Kano ba zai yi wasa da ciwon kai da sanƙarewar wuya a lokacin zafi ba. Ni na ga Asibitin Zana, na cututtuka masu yaɗuwa, a shekarar, ɗakuna sun cika har ana kwantar da mutane a waje. A faɗin Najeriya fiye da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Wasu da suka tashi sun tashi da kurumta. Yaran yanzu ba su san wannan ba, shi ya sa in an zo rigakafi suke ɗaga kafaɗa.

Ummi_Sharaɗa: Baba Malam, ba an yi rigakafin sanƙarau an gama da shi ba? Na tuna an yi mana muna makaranta.

Ɗalibin_Likita: Yaya Ummi, wanda aka fara yi a Najeriya a 2011, MenAfriVac, na nau'in A ne kawai, kuma ya yi aiki sosai a kan wannan nau'in. Amma a 2017 nau'in C ne ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin Men5CV mai kariya daga nau'i biyar. Sannan ba ƙwayar cuta ɗaya ce take kawo sanƙarau ba. A tsofaffi da masu ciwon suga, ƙwayar da ke kawo nimoniya tana cikin na gaba-gaba.

Komawa kan tambayar Baban Walida, dalilin da ya sa sugan yake sauka shi ne bakteriya da fararen ƙwayoyin jinin da suka taru a ruwan suna cinye shi.

Likitan_Yara: Ɗalibi, haka ake fara koyar da shi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba shi ke nan ba. Yawan bakteriyar da ke ruwan bai isa ya cinye sugan nan shi kaɗai ba. Kumburin da cutar take jawowa yana lalata aikin tsallakar da suga ta shingen, ita kuma ƙwaƙwalwar da ke cikin wahala tana ƙona suga da yawa ta hanyar da ba ta amfani da iskar oksijin sosai, shi ya sa sinadarin laktet yake hawa a ruwan. Ka lura da sanƙarau na tarin fuka: ƙwayoyin cutar 'yan kaɗan ne a ruwan, da ƙyar ake ganinsu a madubin lab, amma suga yana sauka. Haka na fangas da ake gani a masu raunin garkuwar jiki. Na bairos kuwa, mafi yawanci suga yana nan daidai. Wannan bambancin ne ya sa lambar take da daraja a wurinmu, don tana taimaka mana mu san inda za mu dosa tun kafin a gano ainihin ƙwayar cutar.

Ɗalibin_Likita: Na gode ranka ya daɗe, na rubuta.

Ɗan_Lab_Kurna: Amma a cikin kwalba kam, maganar Ɗalibi tana nan daram. In aka ɗebi ruwan aka ajiye shi a kan tebur, ko aka ba ɗan uwan mara lafiya ya tafi neman kuɗin gwaji da kwalbar a aljihu cikin zafin Afrilu, ƙwayoyin da ke ciki suna ci gaba da cin sugan. Ya iso mana bayan awa uku, mu auna mu ba da lambar da ta fi ta gaskiya ƙanƙanta. Don Allah duk wanda aka miƙa wa wannan kwalba, lab kai tsaye. Ba irin fitsari ba ne da za a ce a sake kawo wani.

Abu_Fagge: Ni tambayata daban ce. Ina da ciwon suga, kuma na taɓa karantawa cewa ƙwaƙwalwa ce take daidaita suga a jiki. To ke nan wannan ruwan bayan shi ne yake riƙe da ragamar? In an gyara shi, suga zai daidaita?

Likitan_Yara: Malam Abu, a'a. Babban aikin yana hannun fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi, mai samar da insulin) da hanta. In suga ya hau, fankiriyas ta saki insulin. In ya sauka, ta saki gulukagon, hanta ta fito da wanda ta adana. Ruwan baya mabiyi ne, inda jini ya nufa can yake bi. Amma abin da ka karanta ba ƙarya ba ne. Ƙwaƙwalwa nauyinta kusan kashi 2 cikin ɗari ne na jiki, amma tana cin kusan giram 120 na suga a kullum, kuma ba ta da wata ajiya ta kirki. Don haka tana sa ido sosai. A wani sashe nata da ake kira haifotalamos akwai jijiyoyin da suke jin hawa da saukar suga. In ya faɗi, su ne suke tayar da jiki: gumi, karkarwa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, sannan a saki sinadaran da za su sa hanta ta zubo suga. Tun 1849 Claude Bernard a Faransa ya soki wani wuri a gindin ƙwaƙwalwar dabba, sai ga suga ya fito a fitsarinta. Akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta a bangon kogon da ruwan yake kwanciya a cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda gwaji a kan dabbobi ya nuna suna jin sugan da ke ruwan. Amma babu wani maganin ciwon suga da ake yi ta ruwan baya. Duk wanda ya ce maka yana yi, riƙe kuɗinka.

Sista_Rabi: In ƙara wa Malam Abu: wanda sugansa yake yawan faɗuwa, a hankali wannan gargaɗin na gumi da karkarwa yana dushewa, sai dai kawai a ga ya rikice ko ya faɗi. Muna ganin haka a masu allurar insulin da masu shan ƙwayar maganin suga ta gilibenkilamaid, musamman da azumi. In ka gwada ka ga ƙasa da 3.9, wato 70 a na'urorin da ke ba da manyan lambobi, ka karya azumin, kada ka ce saura kaɗan a kira Magariba.

Abu_Fagge: Tawa na'urar manyan lambobi take bayarwa. Ya ake mayar da su?

Ɗan_Lab_Kurna: Raba da 18. Na Baba da aka ce 18, a taka na'urar 324 zai nuna. Kuma wannan ma wani tarko ne: in na jini yana miligiram (manyan lambobin), na ruwan baya yana milimol (ƙananan), aka raba su haka ba a daidaita ba, lissafin ya lalace.

Ummi_Sharaɗa: Likita, na ji wani ya ce sai an yi awanni kafin sugan jini ya isa ruwan baya. In haka ne, me ya sa in sugan Mamanmu ya faɗi muka dama mata suga a ruwa, kafin minti goma ta dawo hayyacinta?

Likitan_Yara: Tambaya mai kyau, Ummi. Duka biyun gaskiya ne. Ruwan baya yana ɗaukar awa biyu zuwa huɗu kafin ya daidaita da jini. Amma ƙwaƙwalwa ba daga wannan ruwan take cin abincinta ba, daga siraran jijiyoyin jinin da suka ratsa ta ko'ina take karɓa kai tsaye. Shi ya sa Mama take farfaɗowa da wuri, alhali da za a auna ruwan bayanta a lokacin, da sauransa. Sai dai ku kiyaye, suga a baki sai ga wanda yake iya haɗiya. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti za a kai shi a ba shi ta jijiya.

Wannan jinkirin yana ba mu wahala a ɗakin yara. Yaro ya zo yana jijjiga, ba a sani ba zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kansa ko sanƙarau. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana faɗar da suga, dole a ba shi ruwan suga ta jijiya nan take, wannan ba a jira. In aka ɗebi ruwan baya jim kaɗan bayan haka, na jini ya riga ya yi sama, na baya bai taso ba, sai lissafin ya nuna ƙasa alhali ba sanƙarau. Shi ya sa muke duba launin ruwan, ko garau yake ko ya yi gurɓi, da yawan fararen ƙwayoyin jini, da furotin. Suga shaida ɗaya ce cikin shaidu.

Sadiq_Hotoro: To ai kun dawo kan maganata. Tunda ƙarin ruwa yana iya ruɗa lissafin, wa ya sani ko haka aka yi wa mahaifin Baban Walida?

Baban_Walida: Malam Sadiq, ruwan da aka saka masa na tambaya, an ce na gishiri ne, ba na suga ba. Kuma ni na riƙe shi lokacin da ake ɗiba, an lanƙwasa shi gwiwa a ƙirji. Ruwan da ya ɗigo a kwalbar ba garau yake ba, ya yi fari-fari. An fara masa allurai tun a daren. Yau ya buɗe ido ya kira sunan ƙanwata, amma sugan jininsa ya ƙi sauka yadda ake so.

Sista_Rabi: Alhamdulillah. Ƙin saukar sugan kada ya tayar muku da hankali fiye da kima. Ciwo mai tsanani da kansa yana ɗaga suga, kuma in cikin alluran akwai deksametason, wanda ake haɗawa don rage kumburi, shi ma yana ɗagawa. Ku dai bari su riƙa gwadawa a kan lokaci, kuma kada a kawo masa lemon kwalba ko kunu mai suga daga gida don an ga ya farka.

Sadiq_Hotoro: Allah Ya ƙara sauƙi. Amma har yanzu batun insulin ɗin bai fita daga raina ba. Likita ya ce ba ya shiga ruwan baya, na yarda. To in ya saukar da na jini, ai na bayan ma zai bi.

Likitan_Yara: Zai bi, amma a makare. Ka ga in insulin ya saukar da na jini da sauri, na bayan yana nan sama tukuna, lissafin sai ya fito da yawa, ba kaɗan ba. Wato in insulin zai ruɗe mu, ɓoye cutar zai yi, ba ƙirƙiro ta ba.

Ɗan_Lab_Kurna: Haka ne Likita, sai dai akwai inda nake tare da Malam Sadiq. Shi 18 ɗin nan a bakin shigowa aka gwada. In an ɗauki awanni kafin a ɗebi ruwan, kuma an yi insulin a tsakani, to ba da 18 ya kamata a raba ba. Ƙa'ida ita ce a ɗebi jinin dab da saka allurar bayan. A ce ya sauko zuwa 10, lissafin zai zama 0.36, wanda a mai ciwon suga yana bakin iyaka ne, ba kamar 0.2 ba. Da ruwa mai gurɓi da sanƙararren wuya ba zai canja maganin ba, amma lambar ba ɗaya ba ce. Baban Walida, ka san tsawon lokacin da ke tsakani?

Baban_Walida: Mun shiga bayan Isha'i, ɗibar ruwan kuma dare ya raba sosai. An sake tsira masa yatsa a tsakani, amma ban ga abin da na'urar ta nuna ba. In likitan ya zagayo da yamma zan roƙe shi ya duba mini fayil ɗin.